Kimiyya a wayar salula: darasi ya samu, wa zai zauna da yaron?

Tun da gwamnatin Kodibuwa ta rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, ta ɓullo da shirin "Mon école à la maison" a talabijin na RTI da rediyo da intanet, maganar karatu ta waya ba ta bar bakin iyaye ba. Yara sun daɗe da komawa aji, amma har gobe ana tambaya: wannan wayar da ake saye a Black Market na Adjamé, tana iya koya wa yaro kimiyya kuwa?

Damuwar tana da tushe. Binciken PASEC na 2019, wanda ya auna ɗaliban firamare a ƙasashe 14 na Afirka, ya nuna cewa a nan ƙasar, 'yan ajin ƙarshe da suka kai matakin da ake so a lissafi ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Yaron da lissafi ya kayar tun a CM2, yaya zai ƙare da Physique-Chimie a gaban BEPC?

Kayan karatu kam akwai su, kuma kyauta. Khan Academy tana da darussa da Faransanci tun 2013, shirye-shiryen "C'est pas sorcier" suna nan a YouTube. Amma a ganina wanda ya fi dacewa da halinmu shi ne PhET, na Jami'ar Colorado da ke Amurka, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel, ya kafa a 2002. A nan yaro ba kallo kawai yake ba. Da yatsansa zai jona batir da wayar wuta da ƙwan fitila, ya ga haske ya kama, ya ƙara batir ya ga hasken ya ƙaru. In ya haɗa bakin batir biyu kai tsaye, wuta ta tashi a fuskar wayar, ba wanda ya ƙone. Ga ɗalibin da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, sai zanen alli a allo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma an fassara shi da Faransanci, ana iya sauke shi sau ɗaya a ci gaba da aiki ba intanet.

Wannan na ƙarshen ya fi komai. Kowa na tuna hayaniyar watan Afrilun 2023, da kamfanonin waya suka rage yawan data, jama'a suka yi ca har aka janye matakin. Bidiyo cin data gare shi, ba kowane gida ke iya ɗauka kullum ba.

Sai dai ko data ta zama kyauta, da sauran rina a kaba. Wayar gidan tana aljihun Baba a kasuwar Forum har bayan magariba. In ta dawo aka miƙa wa yaro shi kaɗai, minti biyar ya zarce TikTok. To wa zai zauna da shi? Nan ne iyaye da yawa ke janye jiki: a gida Hausa, a kasuwa Julanci, darasin kuma da Faransanci, sai uwa ta ce ai ita ba ta yi lakwal ba. Ban yarda da wannan uzurin ba. Tsarin "La main à la pâte" da Georges Charpak ya assasa a Faransa a 1995 ya tsaya ne kan abu uku: yaro ya yi tambaya, ya faɗi hasashensa, ya gwada. "Me kake zaton zai faru?" ba ta buƙatar Faransanci. Mai tuya ta san abin da ɗigon ruwa ke yi a tafasasshen mai, mai gyaran waya kuwa ya fi littafin aji sanin batir.

Abin da ya rage shi ne tsari, kuma kwamitin COGES na makaranta ko na Islamiyyar unguwa zai iya. Malami ɗaya ya zaɓi gwaji biyar da suka dace da manhajar zangon, ya sauke su inda akwai wifi, a rarraba wa iyaye ta Bluetooth ranar taro, a nuna musu yadda ake buɗewa. Laraba da yamma ba aji. Waya biyu sun ishi yara goma a tsakar gida ɗaya a Treichville, in akwai babba a zaune.