Gishiri Ba Maganin Katantanwa Ba Ne

Duk mai ɗan lambu a bayan gida a nan Jamaica, ko mai fegi a lambunan unguwa na shirin GreenThumb, ya san ɓarnar katantanwa da 'yar'uwarta marar ɓawo. Daga watan Mayu, in aka kwana ana ruwa, sai a tarar ganyen latas da alayyafo da hosta, shukar adon nan mai faffaɗan ganye, duk sun zama rariya, ga yauƙi yana ƙyalli a kai. Da dare suke kiwo, da rana su ɓuya inda ke da danshi.

Da yawanmu gishiri muke barbaɗa musu. Ni ban yarda da wannan ba. Gaskiya ne yana kashe su, don yana zuƙe ruwan jikinsu, amma yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ƙwayoyin guba masu sinadarin metaldihaid kuwa sun fi haɗari, domin yaro mai rarrafe ko karen maƙwabci na iya haɗiye su. A shekarar 2022 Biritaniya ta hana amfani da su a lambu. In saye ya zama dole, a nemi mai fosfet na ƙarfe.

Abin da na fi gamsuwa da shi bai kai dala 5 ba. A yi ban ruwa da safe maimakon yamma, ƙasa ta sha iska kafin dare. A kwantar da guntun katako kusa da shuka, da safe a ɗaga, a kwashe waɗanda suka taru a zuba cikin ruwan sabulu. Wasu maƙwabta za su ce a kafa tarko da giya. Ba mu buƙatarta, ƙanshin yis ne ke jawo su. A dama yis da sukari da ruwa a robar yogot, a binne ta bakinta ya ɗan ɗara ƙasa.

Iyaye, ku bar wa yara wannan aikin, minti 5 ya isa kafin a tafi makaranta. Ɗalibai, ku sa safar hannu, ku wanke hannu da sabulu bayan kun gama. Ganye ma a wanke shi sosai kafin a ci. Allah ya sa wa shukar bana albarka.