Daga bakin garka: ɗari ya kama, a lura da wurin raino

Hatsi ya shiga rumbu, an saki dabbobi, mu kuma ga mu a fadama. Mu nan Geceme Allah ya yi muna gata, ruwan Dallol Mawri ba ya da nisa. Amma sanyin nan wata uku ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba ya jiran kowa.

Darni ne farko. Akuya guda in ta samu ƙofa da dare, bashin asusu ne take ci. Wadda ba ta kai karan da anka aza mata ba, don Allah ta kai kafin ranar zubi.

Wurin rainon iri kuwa, can ne bara munka sha kashi, kuma ba mu jin kunyar faɗi. Munka zuba ɗanyen taki, munka watsa irin shu da tumatir cunkus, muna ban ruwa safe da marece har ƙasa ta yi caɓi. Tsiro ya fito kore shar, muna ta murna. Bayan mako guda sai ya shiga faɗuwa, gindin ya tsuke ya yi baƙi. Wasu sunka ce bakin mutane ne. Ruɓa ce, cunkoso da yawan ruwa sunka kawo ta. Sai da munka sake sayen iri, dashe ya makara, shu ya riski zafin Maris bai dunƙule ba. Asusu kuwa ba ruwanta, kuɗin sauran mata ne, dole a maida. Akwai wadda ta saida ƴar akuyarta.

To bana ga yadda za a yi. Takin da ya ruɓe, wanda in kin tura hannu ba ki jin zafi. Iri a layi, tsakanin layi da layi yatsu huɗu, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a yaye ta da zarar tsiro ya leƙo. Shu da tumatir kamar mako 4 suke yi, in sun kai ganye 4 ko 5 a dasa. Albasa ƴar Galmi ta fi son haƙuri, sai wajen kwana 45. Dashe da marece ake yi.

Wani abin da da yawanmu ba mu sani ba sai bana: tumatir, tattasai, yalo da kwambitar ɗin da mutanen Dogondutsi ke nomawa, duk dangi guda ne, cutarsu ɗaya. Inda tumatir ya zauna bara, kada a maida ɗan uwansa. A sa albasa ko salati.

Ƴan matan da sunka shigo bana, a daure a zagaya da su. Makon jiya wata ta tuge karas tsaf, tana cewa haki ne, ta kuma haɗa da gasaya, abin da iyayenmu ke kwaɗo da shi. Munka yi dariya, amma laifinmu ne, ba wadda ta nuna mata.

Masu ƴaƴan bedi a gida su fara daka. Tsutsar shu ƙarƙashin ganye take ɓoyewa, a riƙa juya ganyen ana dubawa kowace safiya.