Kajin Cikin Birni: A Sake Su Ko A Kulle?

Da wuya mutum ya shiga gida a cikin birnin Kano, daga Yakasai har Dala, bai tarad da kaji ba. Yawancinsu kuwa na mata ne. Su ne asusun uwargida: ran da baƙo ya sauka a yanka ɗaya, ran da yaro ya kwanta ciwo a sayar da biyu. Saboda haka maganar kaji ba ƙarama ba ce, ko da yake mu ma'aikata mukan raina ta.

Sa'ad da Bature matafiyin nan Barth ya zo Kano cikin 1851, ya iske gonaki da fili mai yawa a cikin ganuwa. A wancan zamani kaza ta fita kiwo ta komo da ƙoshi. Yau fa? Gidaje sun cinye filin, abin da ya rage mata sai lungu da kwata da juji. Can za ta yini tana tonon ƙazanta, sa'an nan ta komo ta hau kan faifai da kwanon yara. Shirwa ta ɗauki 'yan tsaki, babur ya taka uwar, wadda ta tsira kuma ta faɗa wa geron da maƙwabciya ta shanya, zumuncin shekaru ya ɓaci a kan tsuntsu.

Waɗansu da suka gaji da wannan sai suka gina akurki a kusurwar gida, suka kulle kaji dare da rana. Wannan ma ba magani ba ne. Kashi yakan taru wuri guda da laima, kaji suna tsattsagar abinci a cikinsa. Masana sun tabbatar ƙwayar cutar da ke sa 'yan tsaki zawon jini takan nuna cikin kashi bayan kwana 1 ko 2, ƙwan tsutsar ciki kuwa bayan kamar mako 2. Watau kazar da ke zaune kan tsohon kashinta, ita ke ciyad da kanta cuta.

To, mu ga abin da muka gani. Tsakanin saki da kulle akwai hanya ta uku, ita ce akurkin ɗauka. A haɗa katako ko gora, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 4, tsayi ƙafa 2, a kewaye da waya mai ƙananan idanu. A rufe rabin sama da zana domin inuwa, a bar ƙasa ba daɓe. Wannan ya ishi kajin gida 5 ko 6, yara biyu kuwa suna iya ɗaga shi. Kowace safiya a gusa shi zuwa sabon wuri, a share kashin jiya, a bar rana ta gasa gurbin. Kafin a kewayo wurin farko ya bushe sarai.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Gaskiya ne manoman Ingila sun yi amfani da irinsa tun wajen 1930, amma ai kakanninmu mata sun saba kife kwando a kan kaza da 'ya'yanta, suna jan sa duk inda inuwa ta koma. Mun ƙara masa girma da waya ne kurum.

Mun gwada shi a lambun kwalejinmu ta horon malamai. Fangalin da aka gama cire alayyafo, sai mu ɗora akurkin a kai. Kaji su cinye ciyawa da ƙwari, su tone ƙasa, su bar taki. Bayan 'yan makonni takin ya huce, a sake shuka. Ɗaliban da suka yi mana dariya da fari, su ne suka zo neman awon katako.

Babban amfaninsa kuwa yana wajen annoba. Kowa ya san ciwon nan da ke share kajin unguwa da hunturu, wanda Turawa ke kira da sunan garin Newcastle na Ingila, inda aka gane shi cikin 1926. Haka kuma ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihohin Kaduna da Kano cikin 2006 ba. Kaza mai yawo ita ke kai cuta gida gida, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Wanda ya sayo zakara a kasuwa gab da Salla, ya ware shi mako 2 kafin ya gama shi da na gida. Amma fa a sani, waya ba ta maye gurbin rigakafi. Ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin maganin rigakafin wannan ciwo, sai a nemi malamin dabbobi.

Ba mu ɓoye wahalarsa ba. Kazar da aka tsare, cinta da shanta sun hau wuyan mai ita: dusa, da tsaba, da ganye, da ruwa mai tsabta safe da maraice. Da bazara wajibi ne a bi inuwa, in ba haka ba zafi ya kashe su. Da dare a kai su wurin da muzuru da ɓarawo ba su isa ba. Inda aka yi wa tsakar gida siminti, a zuba yashi ko ƙaiƙayi a riƙa kwashewa. Gidan da ba shi da tsakar gida ko kaɗan, gara a haƙura da kiwon.

Za a ce mana zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne, amma ba a ce mu miƙa wa shaho sauran ba.

Roƙonmu yana ga malaman makaranta da akawuna, gama ku jama'a ke kallo. Malami ya sa 'yan ajinsa su haɗa akurki ɗaya a lambun makaranta, su riƙa rubuta ƙwan da aka samu da abincin da aka kashe, ga lissafi ga aikin hannu. Akawu kuwa ya ware kaɗan daga albashinsa ya sa kafinta ya yi wa iyalinsa. In maƙwabta sun ga hunturu ya wuce kajin gidanka suna nan, ba sai ka yi musu wa'azi ba.

Allah ya sa mu dace, amin.