Ƙarfe Ya Kare Mota, Wa Zai Kare Saniya Da Mai Ita?

Duk mazaunin Libreville ya san yadda motocin shiga daji irin su Land Cruiser da Hilux suka cika gari, da yawansu da ƙarfe a goshi, matakala a gefe, da faranti a ƙarƙashi. Mu makiyaya da fataken shanu muna da ta cewa a kan wannan.

Ba mu ƙi matakalar gefe da farantin ƙasa ba. Wanda ya bi hanyar jan ƙasa cikin kurmi da damina, ko ya nufi yankin Nyanga inda ake kiwon shanun Ndama, ya san amfaninsu. Suna kare gindin ƙofa da tukunyar man inji daga dutse da kututture.

Matsalarmu ita ce ƙarfen goshi, wanda da Faransanci ake kira pare-buffle, wato garkuwar ɓauna. A Ostireliya ya yi suna saboda dabbar kangaru da ke faɗowa titi da dare. To, wace ɓauna ce a kasuwar Mont-Bouët ko a PK12? Abin da ke wurin shi ne ɗan makaranta, da mai tura baro, da yaron da ke janye da rago gab da Babbar Salla.

An ƙera gaban mota ne don ya loɓa idan an yi karo, ya rage ƙarfin bugun. Ƙarfen goshi kuwa ba ya loɓawa, sai dai haƙarƙarin saniya ko kan yaro ya karye. Direban da ya san fitilarsa ba za ta fashe ba kuma, ƙafarsa ba ta saurin zuwa birki. Shi ya sa Tarayyar Turai ta yi dokar takaita shi a 2005, Indiya kuma ta hana shi a 2017.

Ku duba sa guda da aka ɗauko daga Adamawa ta Kamaru, ya ratso Kyé-Ossi da Bitam da Oyem har ya iso nan. Nawa aka kashe a kansa? Bugu ɗaya sai ya faɗi, in ba a kai ga wuƙa ba ya zama mushe, uwar kuɗi ta tafi.

Don haka muna roƙon hukuma ta hana wannan ƙarfe a cikin gari da wuraren sauke dabbobi. Mu ma mu fara da kanmu. Alhazanmu masu motoci su cire nasu, kuma a daina barin yaran mota suna maƙalewa a matakalar gefe mota tana gudu, domin an yi ta ne don hawa da sauka.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Mu haɗa baki mu kai kukanmu tare. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.