Haraji: Tarar rashin cike fom na iya ninka abin da ake bin mutum

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026 da sabbin dokokin haraji suka fara aiki, hirar da ake yi a kasuwanni da majalisu ba ta wuce tambaya ɗaya ba: nawa za a cire? Tambayar da ta fi wannan tsada kuwa, wato me zai faru da wanda bai kai bayanin kuɗin shigarsa ba, kusan babu mai yin ta.

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025. Ɗaya ta fayyace abin da za a biya, ɗaya ta tsara yadda za a karɓa da hukuncin wanda ya saɓa, ɗaya ta mayar da hukumar FIRS zuwa NRS, ta huɗun kuma ta kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi. Ta biyun ce ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su fi sa wa ido.

A ƙarƙashinta, wanda ya kamata ya yi rajistar haraji bai yi ba, tarar naira 50,000 ce a watan farko, sai 25,000 a kowane wata da ya biyo baya. Wanda bai miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekara ba, ko ya miƙa wanda ya san ba daidai ba ne, naira 100,000 ce a watan farko, sai 50,000 duk wata. Wa'adin ɗaiɗaikun mutane shi ne 31 ga Maris, masu ɗaukar ma'aikata kuma 31 ga Janairu.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki tela ko mai shagon kayan masarufi da ribarsa ta shekara, bayan an cire abin da doka ta yarda a cire, ta kai naira miliyan 1.5. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Ragowar 700,000 ana karɓar kashi 15 cikin 100, wato naira 105,000. Idan wannan mutum ya yi shekara guda bai cike fom ba, tarar kaɗai za ta kai naira 650,000, fiye da ninki shida na ainihin harajin. Kuma biyan tarar ba ya goge bashin: harajin da aka makara ana ƙara masa kashi 10 cikin 100, ga kuɗin ruwa da ake lissafawa bisa ma'aunin Babban Bankin Najeriya.

Inda mutane da yawa za su faɗa rami shi ne zaton cewa wanda ba a bin sa komai ba shi da abin cikewa. Dokar ta ɗora wajibcin miƙa bayani a kan duk wanda ke cikin tsarin haraji, ko da lissafinsa ya tashi a sifili. Haka ma'aikacin da ake cire masa haraji daga albashi: cirewar ba ta ɗauke masa nauyin bayyana kuɗin hayar gidan da yake karɓa ko ribar gonar kajinsa ba.

Wanda ya yi shiru kuma, hukuma ba za ta jira shi ba. Tana da ikon ƙiyasta masa haraji da kanta, ta aiko da takarda. Daga nan yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi. Idan ya jefa takardar a aljihun tebur har wa'adin ya wuce, ƙiyasin ya zama bashi tabbatacce, komai yawansa. Daga wannan matakin ne ake kaiwa ga umartar banki ya biya daga asusun mutum, ko a riƙe kadara a sayar. Ga kuma takardar shaidar biyan haraji, wadda sai da ita ake samun kwangilar gwamnati da wasu lasisin. Kamfanin da ya ba wa wanda ba shi da rajista kwangila ma, tarar naira miliyan 5 na jiransa, don haka manyan kamfanoni za su riƙa tambayar lambar haraji kafin su sayi ko da buhun masara.

Batun gidan yari ya fi shafar waɗanda suka ci amana. Mai kamfani ko makaranta mai zaman kanta da ya cire haraji daga albashin ma'aikata ya riƙe a aljihunsa, idan kotu ta same shi da laifi zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 3, ban da mayar da kuɗin. Babu abin tausayi a nan. Kuɗin malami ne da direba, an cire da sunan gwamnati, ranar da suka je neman shaidar biya kuma a ce babu sunansu.

Sai dai doka mai kaifi irin wannan tana buƙatar hannu mai tsafta. A Arewa kalmar haraji na ɗauke da tsohon tabo. Har yau ana tuna Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna saboda soke haraji da jangali da suka yi bayan hawansu mulki a 1979, domin talaka ya san azabar da aka sha wajen karɓarsu. Jikokin waɗancan mutane ne yau ake ce wa su shiga intanet su cike fom da Turanci, alhali da yawansu ba su taɓa rubuta cinikin rana a littafi ba, kuma sun riga sun gaji da masu yankar rasit iri-iri a bakin kasuwa.

Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane, in ban da 'yan kaɗan kamar sojoji da 'yan sanda, hukumomin jihohi ne ke karɓa, irin su KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna. Nauyin yana wuyansu. Kafin su fara lafta tarar 100,000, ya dace a ga fom da Hausa, a ga teburin taimako a Kantin Kwari da Singa da Kasuwar Barci, a ji bayani a rediyo, a kuma ba da rangwame ga wanda ya kawo kansa a karon farko. Ofishin sauraron koken masu biyan haraji da sabuwar dokar ta kafa, shi ma sai an san ƙofarsa a jihohi zai yi amfani. Idan za a fara gwada kaifin dokar, a fara da manyan 'yan kwangila da masu riƙe da muƙamai da kamfanonin da ke danne abin da suka cire wa ma'aikata.

Shi kuwa mai ƙaramar sana'a, abin da ke hannunsa bai fi ƙarfinsa ba: lambar NIN ɗinsa ita ce lambar harajinsa, littafin shiga da fita na ciniki, rasit na duk abin da ya biya, da shaidar kuɗin hayar gidan da yake zaune, tunda doka ta yarda a rage masa kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, har zuwa naira 500,000, kafin a yi masa lissafi. Takardar ƙiyasi kuma, ranar da ta iso ake fara ƙirga kwana 30 ɗin.