Gizagon Kaka da Sikelin Mai Sayen Ƙarfe



A fitowarmu ta wannan karo zan yi magana ne a kan wata dukiya da take kwance a zaurukanmu da bayan rumbunanmu, ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wato kayan sana'ar hannu da iyaye da kakanni suka bar mana.

Kakana na wajen uwa masassaƙi ne a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Da gizagonsa ya sassaƙa turame da akusa da allunan yara, ciki har da allon da na fara karatu da shi. Bayan rasuwarsa aka zuba kayan aikinsa cikin buhu aka jingine a kusurwar zaure. Da na koma ƙauyen bayan wasu shekaru na tambaya, sai aka ce wani yaro na gidan ya kai su wurin masu sayen tsohon ƙarfe, an ɗora a sikeli, an ba shi abin da bai kai kuɗin tiyar hatsi biyu ba. Ƙaramin gizago guda kaɗai ya tsira, domin kakata ta ɓoye shi a ƙarƙashin gadonta. Har yau a ƙotarsa akwai gurbin da babban yatsan kaka ya lotsa saboda daɗewar riƙo.

Ban ga laifin yaron ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa da waɗannan ƙarafa aka ciyar da gidan, aka aurar da uwarsa. Abin da ba a ba da labarinsa ba, nauyinsa kawai sikeli yake gani.

Ya kamata mu san cewa wasu daga cikin tsofaffin kayan nan ba za a sāke yin irinsu ba. A da maƙeranmu tama suke haƙowa su narka da gawayi, su fitar da ƙarfen da za su ƙera gatari da hauya da lauje. A cikin ƙarni na 20 wannan aiki ya mutu, bayan da ƙarfen Turai da ɓaraguzan motoci suka wadata. Wannan gado ne babba: a 2019 hukumar UNESCO ta sanya tsofaffin wuraren narkar da tama na Burkina Faso cikin kayan tarihi na duniya. A Yamai ma, gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da fagen da masu sana'ar hannu suke aiki a gaban baƙi. To, in hukumomi suna tattalin irin wannan, me zai hana magidanci ya tattala masabar ubansa, ko basillar dukanci, ko aska da ƙahon wanzanci, ko mazarin kakarsa?

Amma akwai haƙƙi a ciki. Kayan aikin mamaci suna cikin dukiyar gado, komai ƙanƙantarsu. Ba ya halatta wani ya ɗauke su a ɓoye da sunan ƙauna, kamar yadda ba ya halatta a sayar a ɓoye. Wanda yake son ya ajiye, sai a yi musu ƙima a lissafa cikin rabonsa, ko sauran magada su bar masa da daɗin rai, a kuma kiyaye rabon marayu. Ni kaina sai da na nemi yardar kawunnaina da innonina kafin gizagon nan ya shigo ɗakina.

Ga mai niyyar tarawa, ga abin da na jarraba. A ɗaga kayan daga ƙasa a rataye, domin danshin damina yana kawo tsatsa, gara kuma tana cin ƙota. Idan tsatsa ta kama, a jiƙa ƙarfen kaɗai cikin ruwan tsami na kwana guda, a goge, a ɗauraye, a busar sarai, sa'an nan a shafa man keken ɗinki. Ƙota kuwa ɗan man kaɗanya ya ishe ta. Kada a kai wa injin wāshi don ya yi ƙyalli, domin zai cinye sawun masabar maƙerin, kada kuma a sauya ƙotar da ba ta karye ba. Mafi muhimmanci, a samu littafi a rubuta, da ajami ko da boko: na wane ne, wa ya ƙera, a wane gari, wane aiki aka yi da shi. A tambayi tsofaffi tun suna raye.

Wanda kuma yake da sauran ƙarfi daga cikin kayan, a bar yara su ga ana aiki da shi. A bara na kai gizagon wurin wani masassaƙi ya gyara wa ɗana allo da shi, yaron yana tsaye yana kallo, ina gaya masa wanda ya fara riƙe shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.