Zuciyar mace da ta namiji a sararin samaniya

Daga 1968 zuwa 1972, mutum 24 ne Amurka ta aika wajen wata cikin kumbunan Apollo, dukansu kuwa maza. Saboda haka, abin da likitoci suka fara sani game da halin zuciya a can nesa, daga jikin namiji suka samo shi.

Duniya tana da garkuwa biyu: iskar da ta lulluɓe ta, da maganaɗisunta. Duk wanda ya ƙetare su zai gamu da haskoki marasa ganuwa daga rana da taurari, masu ratsa ƙarfe da tsoka. Sukan raunata cikin jijiyoyin jini har su kumbura su sandare, daga nan ciwon zuciya ke samun ƙofa. A 2016, binciken Michael Delp ya nuna cewa cikin matafiya wata 7 da suka rasu a lokacin, 3 ciwon zuciya da jijiyoyi ne ajalinsu. Wasu masana sun ce mutum 7 ba su isa hujja ba.

To, mata fa? Sinadarin estirojin yana kare jijiyoyinsu kafin haila ta ɗauke, shi ya sa ciwon zuciya kan riske su bayan maza da shekaru. Amma garkuwar ba ta hana komi ba. A 2013 an binciki mata 2168 a Suwidin da Danmak waɗanda aka yi wa gashin sankarar nono da irin waɗannan haskoki. Aka tarar iyakar yawan hasken da ya taɓa zuciya, iyakar ƙaruwar haɗarin.

A da, hukumar NASA ta fi taƙaita wa mata adadin hasken da za su ɗauka. A 2022 ta mai da awon ɗaya ga kowa, milisiba 600 a tsawon aiki. Sai dai tsoron sankara aka duba wajen yanke shi, ba zuciya ba, alhali zuwa Mars da dawowa kaɗai, bisa awon na'urar Curiosity, ya kai 660.

A 2022 ɗin ne kumbon Artemis I ya kewaya wata da mutum-mutumi biyu masu surar mata, Helga da Zohar, cike da na'urorin awo. Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kafin a tura mace tafiyar shekaru, wajibi ne a auna zuciyarta da mudunta, ba da na namiji ba.